Fim ɗin maƙwabtan nan na yaran Pantami: wa ya fara ɓata zaman?

Adda Hauwa, Bolari

Assalamu alaikum jama'ar gida. Wa ya kalli gajeren fim ɗin nan da yaran unguwar Pantami ta nan Gombe suka ɗora a YouTube makon jiya, na maƙwabta biyu? Ina so mu tattauna a kansa, don ya tsaya mini a rai, kuma ban gamsu da yadda aka ƙare shi ba.

Ga wanda bai gani ba. Gidaje biyu ne katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya na Malam Isa ne, malamin firamare, da matarsa Talatu. Ɗayan na Sale ne mai sayar da masara a kasuwar Tudun Hatsi, da matarsa Balkisu. A jikin katangar akwai 'yar ƙofa ta langa-langa da matan ke bi. Turmi ɗaya suke daka, in wannan ta haihu waccan ce ke hura wutar ruwan wanka. Sai Allah ya buɗa wa Sale, ya haƙa bohal, ya sa sola, ya sauke farali ya dawo Alhaji, ya ƙara wa katanga tsawo, aka toshe 'yar ƙofar da bulo. Bayan haka ɗan autansu ya kwanta ciwo, uwar Alhaji ta ce ai wannan da hannu a ciki. A ƙarshe aka nuna Talatu a gaban boka, aka tono laya a gindin katanga, ita kuma ta haukace tana tona wa kanta asiri a bakin titi.

Ni a ganina fim ɗin ya faɗi gaskiya tun daga farko har zuwa inda yaro ya kwanta. Daga nan ne suka saki hanya. Duk abin da suka nuna mana kafin bokan nan, gidan Alhaji ne suka fara juya wa Talatu baya tun ba ta yi musu komai ba. Su suka fara kiranta mahassadiya, sannan masu fim suka nemo mata laifin da zai gaskata su.

Maman Khalifa, Federal Low Cost

Wa alaikumus salam Adda. Na kalla, kuma ni ban ga inda suka saki hanya ba. Ke ba ki ga idon Talatu ba ranar da aka sauke firiji daga mota? Ba ta ce komai ba, amma kallon nan kaɗai ya isa. Akwai irin matan nan, wallahi akwai su. Kina gaishe su suna amsawa da fara'a, ciki kuwa kamar ya fashe.

Kuma a yi wa Balkisu adalci. Da aka yi bohal ai ta sa an fito da famfo waje, duk layin suna ɗiba kyauta. Talatu ce kaɗai ta ƙi zuwa, ta gwammace ta sayi jarka wurin 'yan garuwa da kuɗin da ba ta da su. In ba ƙyashi ba mene ne wannan?

Adda Hauwa, Bolari

Maman Khalifa, ki sake kallon wurin da kyau. Matar da shekara da shekaru take shiga tsakar gidanki ba sallama, ta ɗauki gishiri a madafarki, ta yi wa 'ya'yanki kitso, yau an ce ta zagaya ta titi ta bi layi da bokiti tare da almajirai da yaran unguwa. Ruwan kyauta ne, na yarda. Amma an sauke ta daga 'yar gida zuwa mai karɓar sadaka, kuma ba wanda ya zauna da ita ya ce mata ga dalili. Ko ni ce ba zan je famfon nan ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na dambu. Ranar Juma'a Talatu ta yi dambun zogale kamar yadda ta saba, ta zuba a samira ta rufe da faifai, ta ba 'yarta ta kai. Yarinyar ta fita, ta zagaya, ta ƙwanƙwasa get ta daɗe kafin a buɗe. Balkisu ta karɓa ta yi godiya. Yarinyar ta juya har ta kai bakin get sai ta tuna faifai, ta koma. Ta tarar da tsohuwa, uwar Alhaji, tsaye a kan Balkisu, ita kuma Balkisu tana juye dambun a kwanon awaki. Ba wanda ya yi magana, ta ɗauki faifanta ta fita. Da ta isa gida uwar ta ce, "Sun ci?" Ta ce, "Eh." Ta shige ɗaki.

A wannan lokacin ba boka, ba laya, ba ciwon yaro. Zato ne kawai. To wa ya cuci wani?

Zainab A., Tudun Wada

Wurin nan ni ma ya sa ni hawaye Adda. Yarinyar da ta fito a 'yar Talatu ta fi kowa iya wasa a fim ɗin.

Malam Sa'idu, Jekadafari

Allah ya saka wa Adda Hauwa da alheri da ta kawo wannan magana. Na kalla da iyalina, kuma ina da abin cewa ta ɓangare biyu.

Hassada gaskiya ce, ba mai musun wannan. Da neman tsari daga sharrin mai hassada aka rufe Suratul Falaƙ, kuma mun san abin da ya faru tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu, da abin da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka yi masa. Saboda haka Maman Khalifa ba ta yi kuskure ba da ta ce akwai masu irin wannan zuciya.

Sai dai Alƙur'anin da ya koya mana neman tsari shi ne kuma ya ce a nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne, a Suratul Hujurat aya ta 12. Neman tsari tsakaninka da Ubangijinka ne, ka karanta azkar ɗinka safe da yamma, ka yi wa 'ya'yanka addu'a. Ba a ce ka nuna gidan wane ka ce su ne ba. A Suratun Nisa'i aya ta 36 an jero maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa, a aya ɗaya da iyaye da marayu. Manzon Allah (SAW) ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya yi zaton za a sa shi cikin magada. Ya kuma umarci Abu Zarri cewa in ya dafa miya ya ƙara mata ruwa ya tuna da maƙwabtansa. Talatu ta yi aiki da wannan, aka juye wa awaki.

Abin da ya fi damuna a ƙarshen fim ɗin kuwa daban ne. An nuna boka ya yi aiki kuma aikin ya ci: ya binne laya yaro ya kwanta, an tone laya yaro ya miƙe. Masu fim suna ganin sun yi wa'azi a kan zuwa wurin boka, alhali abin da mai kallo zai tafi da shi shi ne boka na da iko. Mace mai rauni da ke cikin damuwa in ta ga haka, ba tsoron zuwa za ta ji ba, cewa za ta yi ashe abin yana ci, sai dai a yi shi da dabara.

Maman Khalifa, Federal Low Cost

Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku bar ni in faɗi abin da ya same ni, don wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba.

Lokacin da muke haya, mu huɗu ne a gidan, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Maigidana ya samu ƙarin girma a wurin aiki ya sayi mashin sabo. Daga ranar zaman ya canja. Wadda muke adashe tare ta daina shiga ɗakina. In na ɗora tukunya sai an leƙo an ce, "A'a, yau ma nama ne?" Na shanya atamfa sabuwa na dawo na tarar an ɗiga mata bilic. Ban canja musu fuska ba, ban rufe ƙofa ba, ban daina ba da abinci ba. Me na yi? Har muka tashi daga gidan ba wadda ta taya ni ɗaure kaya.

Shi ya sa da na ga Balkisu na ga kaina. Mai samu ma yana da zuciya. Kullum sai a ce ya yi girman kai, ba a tambayar me ya gani ya ja jiki.

Adda Hauwa, Bolari

Allah ya ba ki haƙuri Maman Khalifa, abin da aka yi miki zalunci ne, ba wani suna da za a ba shi. Da labarinki suka ɗauka suka yi fim, da ban ce uffan ba, don ke an yi miki abu a fili kin gani da idonki. Su kuwa labarin da suka gina daban ne. Sun nuna mana mace da ake wulaƙantawa a hankali, tana haɗiyewa, sannan a minti biyar na ƙarshe suka ce mana ashe tsohuwa ce mai gaskiya. Duk surukar da ta kalli wannan ta samu hujja.

Hamma Buba, Kumo

Ni tambayata ɗaya ce: ina mazan? Wa ya kira magini? Wa ya sayi bulo da siminti? Balkisu ce? Alhaji Sale ne ya toshe ƙofar nan, kuma bai taka ya je ya ce wa Malam Isa, "Malam, zan ɗaga katanga saboda kayan sola, kada ka ji komai" ba. Kalma ɗaya da ta kashe wutar. An nuna su sau biyu a sahu ɗaya a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, ana sallamewa kowa ya ɗauki takalminsa. Shi ma Malam Isa yana ganin matarsa ta daina walwala, 'yarsa ta daina zuwa wasa, bai taɓa tambaya ba. Amma da aka tashi hukunci mace aka haukatar, su kuwa suka rungume juna a ƙarshe kamar ba da su aka yi ba.

Mu maza mun iya wannan. Mu kunna abu mu fita kasuwa, in ya kama mu ce sha'anin mata ne.

Zainab A., Tudun Wada

Hamma ka faɗi abin da ke raina. A finafinan nan in dai hassada ce to mace ce, ko kishiya ko maƙwabciya ko dangin miji. Alhali a kasuwa da ofis maza na yi wa juna abin da ya fi haka, a kai ƙarar mutum wurin oga, a ɓata shi wurin mai ba shi kaya bashi. Ba a cika yin fim a kan wannan ba.

Aminu, Wunti, Bauchi

Gaisuwa daga Bauchi. Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ta yaya Alhaji Sale ya yi kuɗin? A fim ɗin an nuna ya cika sito da masara lokacin kaka, ya rufe, sai da ta yi tsada ya buɗe. A daidai wannan lokacin aka nuna Malam Isa a gaban mai awo yana rage mudu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda abinci ya yi, albashin malamin firamare kuwa bai bi sahu nan take ba. Wato tsadar da ta gina benen wannan ita ce ta rage tuwon wancan. Ban ce haram ya ci ba, kasuwa ce. Amma ko tiya biyu bai aika gidan maƙwabcinsa ba.

Hamma Buba, Kumo

Malam Aminu a nan kam zan ɗan kare shi. Mu da muke harkar hatsi mun san wanda ya ajiye yana iya cin riba yana iya karyewa. Shekarar da farashi ya faɗo bayan ka saya da tsada, ga kuɗin sito ga maganin ƙwari, ba maƙwabcin da ke zuwa ya raba asarar da kai. Rashin aika tiya biyun dai na yarda da kai.

Sista Rifkatu, Billiri

Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da idona ya kama shi ne yaron. Ku duba yadda aka nuna ciwon: damina ce, jiki zafi rau, amai, sai jijjiga da juyewar ido. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin yara za ta fara tunanin zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Gwajinsa ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti ashirin an ga sakamako. A fim ɗin ba wanda ya ce a kai shi asibiti. Hayaƙi aka yi ta yi masa ana neman wanda ya yi.

Wannan ba a fim kaɗai yake ba. Ana kawo mana yara bayan sun kwana biyu uku suna shiɗewa a gida, jini ya ƙare, sai an nemi wanda zai ba da jini. In ka tambaya a ce an ɗauka baki ne ko iska. Ga maganin rigakafi da ake bi gida-gida da damina ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata, amma wasu iyayen sai su karɓi na ranar farko su ajiye sauran. Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi ta a hanyar asibiti.

Game da maƙwabtaka kuwa, mu ma a cikin Dokoki Goma akwai cewa kada ka yi ƙyashin gidan maƙwabcinka, kuma a nan ne aka ce kada ka yi masa shaidar zur. Na zauna haya a Gombe da wata Goggo Bafulatana, ita ke riƙe mini yara in ina aikin dare, da Sallah ta aiko mini nama, da Kirsimeti in sayo kaza in ba ɗanta ya yanka don su ci hankali kwance. Da wani ya zo ya ce mini ita ta sa wa ɗana ciwo, da ni da shi ne.

Malam Sa'idu, Jekadafari

Sista ta yi gaskiya. Neman magani umarni ne a wurinmu, ba ya cin karo da tofi ko addu'a.

Usman, Pantami

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wani aboki ne ya turo mini wannan muhawara. Ina cikin waɗanda suka yi fim ɗin, ni na riƙe kamara kuma da ni aka rubuta labarin. Na karanta komai, na gode ƙwarai, ba mu zaci manya za su zauna su kalla haka ba.

Adda Hauwa, wurin dambun nan ba ƙirƙira ba ce, kakar ɗaya daga cikinmu ce ta ba mu labarin. Mun sha wahalarsa, don a layin da muka yi ɗauka Keke Napep ba ta daina wucewa, ga injin markaɗe a maƙwabta, sai da muka roƙi mai injin ta tsaya mana. Yarinyar kuma ba ta taɓa tsayawa gaban kamara ba.

Maganar ƙarshen fim ɗin kuwa, gaskiya rubutun farko ba boka a ciki. Yaron ya warke a asibiti, Talatu ce ma ta ba da jini, amma ƙofar ba a sake buɗe ta ba, kowa ya ci gaba da zamansa. Da muka karanta wa waɗanda suka taimaka mana da kuɗin haya na fitila da abin ɗaukar sauti, suka ce wannan ba wanda zai tura wa wani. Kuma ku duba halin da muke ciki. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Mu ba mu da fitaccen jarumi, ba mu da tashar talabijin a bayanmu. Guntun wurin haukan Talatu da muka yanka muka sa a TikTok shi ya jawo yawancin waɗanda suka zo suka kalli cikakken. Da ba don shi ba, wataƙila da ku ma bai iso gare ku ba.

Kuma ni har yanzu ina ganin mutum na iya farawa da gaskiya ya ƙare da ɓata. An wulaƙanta Talatu, zuciya ta ɗebe ta. Wannan ma yana faruwa.

Adda Hauwa, Bolari

Usman ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ban raina aikinku ba, da na raina shi da ban ɓata lokacina a kansa ba.

Na yarda wulaƙanci na iya kai mutum ga ɓata. To da sai ku nuna mana hanyar. Mu ga ranar da ta fara tunanin, mu ga wadda ta zuga ta, mu ga ta yi jayayya da zuciyarta. Ku kuwa daga mace mai haƙuri kuka yi tsalle sai ga ta gaban boka da baƙar kaza. Kuma ko da ta yi, ina hukuncin tsohuwar da ta fara? Ita aka bari tana cewa "ai na faɗa muku", aka rufe fim da fuskarta.

Rubutunku na farko shi ne fim ɗin. A ce matar da aka juye abincinta wa awaki ita ce ta miƙa hannu aka ɗebi jininta, sannan duk da haka kunya da girman kai su hana a buɗe ƙofa. Wallahi da haka kuka yi da mutane sun kwana suna tunani. Ni tela ce, mata na zama a shagona daga safe har yamma, na san irin maganar da ake yi. Kalmar "hassada ake mini" ta yi arha yanzu. Yarinya ta rasa miji, hassada. Ciniki ya ja baya, hassada. Ka ba mutum shawara, kai mahassadi ne. Ita da kanta za ta ɗora hoton kayan ɗakinta da lefenta a WhatsApp kowa ya gani, gobe ta rubuta cewa maƙiya sai dai su mutu. Su wane ne maƙiyan? 'Yan'uwanta ne da maƙwabtanta, su ne ke da lambarta.

Bappa Yerima, Herwagana

'Ya'yana, na daɗe ina karantawa, bari tsoho ya sa baki.

Ni abin da na gani a fim ɗin nan labarin garin Gombe ne. Mun san garin nan yana ƙaramar hukuma a ƙarƙashin jihar Bauchi. Da aka ba mu jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, ma'aikata suka dawo daga Bauchi, 'yan kasuwa suka shigo, daga baya kuma rikicin Borno da Yobe ya koro jama'a da yawa suka zauna a nan. Fili ya yi daraja, gari ya faɗaɗa ta ko'ina. Alheri ne, ba na kuka da shi. Amma ginin ya canja, zama kuma ya bi shi.

Gidan da na tashi a ciki da zaure yake. Da yamma kowane magidanci a layin zai fito da kwanonsa a haɗu a ci tare. A nan za ka gane gidan da yau ba a ɗora tukunya ba, don yaron gidan bai fito da kwano ba, kuma ba sai an yi magana ba, gobe da asuba za a aika musu da hatsi. Wanda ya samu ba ya iya ɓoyewa, wanda ya rasa ma haka. Hassada tana nan a lokacin, kada wani ya ce muku babu. An yi faɗa a kan kwata, an yi a kan iyakar gona, an yi a kan akuya ta ci shanya. Sai dai mai unguwa na nan, dattawan masallaci na nan, ba a bari magana ta kwana uku.

Yanzu gida get ne da doguwar katanga da waya a sama. Ban zargi kowa ba, ɓarayi sun sa dole. Amma mutumin da ba ka ganin cikin gidansa, shi ma ba ya ganin naka, kowa sai ya cika wurin da zato. Shi yana cewa suna can suna cin daɗi sun manta da mu, kai kana cewa suna can suna ƙulla mana sharri. Ga kuma ruwa. Garin nan ruwansa daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kuma unguwanni da yawa sun girme wa bututun, wasu wuraren kuma sai an yi nisa ƙwarai kafin a tarar da ruwa a ƙasa. Saboda haka mai bohal a layi ya zama kamar mai sarauta. Yaran nan da suka sa bohal a tsakiyar labarinsu sun san garinsu.

Usman, abin da na rasa a fim ɗinku shi ne dattijo. Duk layin ba mutum ɗaya da zai kira Alhaji Sale da Malam Isa ya zaunar da su? In kun ce yanzu babu irinsu, to ku nuna babu ɗin, mu ji kunya.

Maman Khalifa, Federal Low Cost

Bappa Allah ya ƙara girma. A gidan hayar da na faɗa, da akwai babba ɗaya da ya tsawata, da ba mu rabu haka ba. Mai gidan ba ya gari, wakilinsa kuɗin haya kawai ya sani.

Adda Hauwa, har yanzu ina nan a kan cewa Balkisu ba muguwa ba ce, tsoron suruka ne ya yi mata yawa. Ki duba hannunta na rawa lokacin da take juye dambun.

Adda Hauwa, Bolari

A wannan kam ba mu saɓa ba. Amma da dare ya yi, tsohuwa ta yi barci, me ya hana ta ɗaga waya ta kira Talatu?

Usman, Pantami

Bappa na gode, na rubuta maganar dattijon. Sista Rifkatu, in za mu sake ɗaukar wurin asibiti zan nemi shawararki kafin mu rubuta, in ba damuwa.

Akwai roƙo ɗaya da nake da shi. Baiwar Allahn da ta fito a Talatu matar aure ce, da izinin mijinta ta yi, kuma ko sisi ba mu biya ta ba sai kuɗin mota. Tun da guntun nan ya yaɗu yara ke binta a layi suna kiranta mai laya, har wata ta fasa sayen awara a wurinta. Ta ce ba za ta sake fitowa ba. Don Allah duk wanda ya san ta ya taya mu yi wa mutane bayani cewa wasa ne.

Sista Rifkatu, Billiri

Ba damuwa Usman, ka turo mini rubutun ta akwatin saƙo, ina hutu ranar Laraba.

Adda Hauwa, Bolari

Subhanallahi. Usman, wannan ba bayani a baki zai gyara shi ba. Ku ɗauki ɗan bidiyo ita da wadda ta fito a Balkisu da tsohuwar, suna zaune tare da kayansu na gida suna gaisawa da masu kallo, ku sa shi a wurin da kuka sa guntun haukan. Ku je kuma wurin mai unguwarsu da limamin layin a ja wa yaran kunne. Ranar Asabar akwai walimar saukar ɗiyar ƙanwata a nan Bolari, ka tambaye ta ko za ta iya yi mana awara ta mutum hamsin, in ta amince ka turo mini in aika kuɗin waken suya tun gobe.